Hankicin da Aka Raba Bakwai

Karo na uku ke nan Sabo yana ɗaga hannun babbar rigarsa ya ɗora a kafaɗa, yana saki ya zame. Yadin santsi gare shi, ba ya kama ninki irin na shadda. Ya haƙura ya tattare shi a hammata, ya leƙa cikin bas ɗin da suka ɗauko shata daga Fagam. Mutanensa shida na zaune, shi ne na bakwai, kowa cikin riga ruwan hanta mai ɗigo-ɗigon zinare, sai walƙiya suke. Direba ya tsaya shan mai a Gwaram, kuma tun tsayawarsu babu mai tallan da bai matso ya ba idonsa abinci ba.

"Wai 'yan wace ƙungiya ne?" wata mai dafaffiyar gyaɗa ta tambayi direban.

"Dangin ango ne," in ji Sabo, da ƙarfi yadda na nesa ma zai ji. "Ƙanena ke aure a Birnin Kudu."

Ƙanen nan Zulkifli ne. Shekararsa bakwai mahaifinsu ya rasu, Sabo yana da goma sha tara, kuma daga ranar Sabo ya zama uba ba tare da an tambaye shi ko yana so ba. Ya yi noma, ya yi dako, ya yi ƙwadago a fadama, yaro ya yi karatu har ya samu aikin banki a Abuja. Jiya bayan sallar Juma'a aka ɗaura masa aure da Munawwara, 'yar Alhaji Maikano na Birnin Kudu, Kawu Dabo ƙanen mahaifinsu ne ya karɓi auren. Yau Asabar liyafa, kuma Zulkifli ya faɗa da bakinsa cewa za a kira Sabo a matsayin uban ango ya yi jawabi.

Sabo bai taɓa riƙe lasifika ba a rayuwarsa. Mako uku ya yi yana gwada jawabin a gona, shi da karan dawa. Ba dogo ba ne. Zai ce shi ba shi kaɗai ya raini yaron nan ba, sannan ya juya ya nuna mutanensa ɗaya bayan ɗaya. Ga Kawu Dabo, wanda ya bar musu gonarsa ta fadama shekara huɗu suna nomawa don kada Zulkifli ya bar makaranta. Ga Ɗanbala, wanda ya goya shi a wuya ya ƙetare da shi rafi ranar jarrabawa, ruwa har ƙirji. Haka har na shidan. Yana so manyan Birnin Kudu su sani cewa angon nan ba daga sama ya faɗo ba.

Maganar rigunan kuwa daga ɗan akwati ta samo asali. Mako biyar da suka wuce wani direba ya kawo wa Sabo saƙo daga Abuja, ɗan akwatin kwali baƙi da bai fi tafin hannu biyu ba. A ciki akwai kati mai rubutun Turanci a lanƙwashe, wanda Sabo bai tsinci komai a ciki ba sai kwanan wata da sunan gari. A ƙarƙashin katin kuma ƙyalle ne ruwan hanta mai kusurwa huɗu, da laushi kamar kunnen jariri. Da yamma saƙon murya ya shigo wayarsa: "Yaya, ga ankonmu na liyafa nan na aiko. Don Allah a kula da shi."

Tani matarsa, wadda ta fi shekara ashirin tana shiga anko tana fita, ko kallo biyu ba ta yi wa abin ba.

"Samfuri ne, Malam," ta ce. "Haka ake yi. A aiko ƙyalle, kowa ya je kasuwa ya nemo irinsa. Amma ka ga 'yan birni da ɓarna, samfurin ma sai da suka kalmashe bakinsa."

Ta ɗauko almakashi ta raba shi bakwai, aka kai gida-gida kamar yadda ake yi a kowane biki. Aka nemi yadin a kasuwar Gwaram aka rasa. Aka nema a Basirka aka rasa. Sai a Birnin Kudu, a shagon Alhaji Buba, wanda ya juya ƙyallen a hannu ya shiga ciki ya jawo bandir.

"Ka zo a sa'a," ya ce wa Sabo. "Jiya-jiya aka sauke min wannan kalar, kuma tuni wata Hajiya ta aiko an kwashi bandir huɗu."

Sabo ya ji daɗi har cikin ransa. Dangin amarya ne, ba shakka, ashe ya dace da ainihin abin. Tela ya yi ƙorafin cewa yadin ya fi na riga faɗi kuma yana gudu a ƙarƙashin allura, ba wanda ya saurare shi. Jiya a wajen ɗaurin aure duk farare suka saka, kuma da Zulkifli ya tambaye shi a cikin cunkoso ko saƙo ya iso, Sabo ya yi murmushi ya ce sun shirya tsaf. Bai faɗa masa su bakwai ne suka ɗinka ankon ba. So yake yaron ya gani da idonsa.

Azahar ta gota suka iso. Ɗakin taron yana bakin gari, motoci sun cika harabar har sun fito titi. Su bakwai suka sauko suka jera, Kawu Dabo a gaba da sandarsa. Wani mai tsaron ƙofa ya dube su daga sama har ƙasa, ya nuna musu gefe da eriyar wayar da ke hannunsa.

"Masu jera kujeru ta baya suke shiga."

"Wane irin jera kujeru?" in ji Ɗanbala. "Ka san da wa kake magana? Uban ango ke nan."

Sabo kuwa idonsa na kan wasu samari da ke tsaye a bakin ƙofa. Baƙar kwat ce a jikin kowannensu, da farar riga da naktaye. Kuma daga aljihun ƙirjin kowace kwat wani ɗan abu na leƙowa, faɗinsa bai fi yatsu biyu ba, ruwan hanta mai ɗigon zinare. Ya san kalar nan. Ya kwana da ita ya tashi da ita mako biyar.

Ɗaya daga cikin samarin ya taho da sauri. Musaddiq ne, babban abokin ango, wanda ya taɓa zuwa Fagam da Sallah ya ci tuwo a gidan Sabo. Ya durƙusa ya gaida Kawu Dabo yadda ya kamata, amma idonsa ya kasa zama wuri ɗaya.

"Yaya Sabo, ango na son ganinka. Kai kaɗai tukuna. Su Kawu su ɗan jira a inuwa."

Ya bi da shi ta wani ɗan lungu. A tsakiyar lungun ƙofar ɗakin taron na buɗe, sanyi na fitowa, Sabo ya waiga ya tsaya cak. Kujeru sun fi ɗari uku, kowace an saka mata riga tun daga kai har ƙafa. Teburan an lulluɓe su. Labule ya sauko daga rufi har ƙasa a bayan inda ango da amarya za su zauna. Duka ruwan hanta, duka da ɗigon zinare, duka da santsin nan da walƙiyar nan. Ya dubi rigarsa, ya dubi kujerar da ta fi kusa da shi. Ashe bandir huɗun da Hajiya ta kwasa nan suka zo.

A wani ƙaramin ɗaki ya tarar da Zulkifli a gaban madubi ana gyara masa wuyan riga. Ya juyo da fara'arsa, fara'ar ta tsaya a rabi.

"Yaya, mene ne wannan?"

"Anko."

"Ina hankicin da na aiko maka?"

Sabo ya sa hannu a aljihu ya lalubo nasa rabon. Ɗan tsiri ne mai faɗin yatsu uku, zare na zazzagowa a gefensa. Ya ɗora shi a tafin hannu.

"Sauran shidan suna wajen su Kawu," ya ce. "Da shi aka nemo yadin."

Zulkifli ya zauna a kan kujera ya dafe kai. Musaddiq ne ya yi bayani, a hankali, kamar mai yi wa majinyaci bayanin magani. Ba samfuri ba ne, abin da kansa ne ankon. Hankici ne na aljihun kwat, ba a share fuska da shi, ba a fyace hanci, kwalliya ce kawai. Guda goma sha biyu aka yi oda daga waje, siliki ne tsantsa, na ango da abokansa da uban ango. Wata biyu suka yi suna zaɓe, don ba a so ya zama kala ɗaya da naktaye, an fi so ya ɗauko kalar ɗaurin kan amarya. Daga baya ne mai ƙawata wuri ta ga hoton ta nemo mai kama da shi na kujeru. Duk yana rubuce a jikin katin, in ji shi, baƙar kwat da wannan hankicin.

"Ni wa ya ce maka ina da kwat?" Sabo ya tambayi ƙanensa.

Zulkifli ya nuna bango ba tare da ya ɗago ba. Baƙar kwat ce a rataye cikin leda, an liƙa mata takarda an rubuta YAYA SABO.

"Ka manta da Sallah na tambaye ka lambar wandonka? So na yi in ba ka mamaki. Hankicin kawai na aiko don ka san kana cikin goma sha biyun."

Wannan ita ta fi yi wa Sabo ciwo. Da wulaƙanci yaron ya shirya masa, da ya san abin yi, da ya juya ya kwashi mutanensa sun koma Fagam da mutuncinsu. To girmamawa aka nufa, shi da matarsa suka sa mata almakashi.

"To yanzu su Kawu fa?"

"Yaya, ka ga kujerun da idonka." Muryar Zulkifli ta yi ƙasa. "In suka zauna a ciki ba za a bambance mutum da kujera ba. Kowa a ɗakin nan da waya a hannunsa. Kafin magariba hotonsu ya zaga duniya, ana dariya. Kana so a yi wa Kawu haka da tsufansa? Akwai rumfa a waje ta direbobi, akwai benci, an sa lasifika, za su ji komai. Abinci ma su za a fara kai wa. Kai kuma ka saka kwat ɗinka ka shigo, ka yi jawabinka."

Sabo ya so ya ce in ba su shiga shi ma ba ya shiga. Maganar ta zo masa har baki. Amma ya kalli takardar nan mai sunansa, ya tuna mako ukun da ya yi yana yi wa karan dawa jawabi, ya tuna shekara ashirin da biyu da ba wanda ya taɓa tsayar da shi a gaban jama'a ya ce sannu. Gaskiyar magana yana son lasifikar nan, yana son ta fiye da yadda ya sani. Ya haɗiye maganar.

Da kansa ya fita ya kai su rumfar. Ya ce ciki ya cika ana ƙaro kujeru, su ɗan zauna a nan, shi kuma an ce ya zo a nuna masa inda zai tsaya. Kawu Dabo ya wuce saba'in, idonsa ya yi rauni, amma ba a taɓa sayar masa da akuya mai ciwo ba. Ya dubi Sabo ya daɗe.

"To," ya ce. "Allah Ya ba da sa'a. In ka zo kan sunayen ka ɗaga murya, kunnena ba kamar da ba."

Kwat ɗin ta matse shi a kafaɗa, domin an auna ƙugu ba a auna shekarun garma ba. Musaddiq ya ɗaura masa naktaye, ya ja baya ya duba, ya girgiza kai. Aljihun ƙirjin fayau yake.

"A hoto zai fito," ya ce. "Goma sha ɗaya da hankici, uban ango babu. Kuma ba mu da na ƙari ko ɗaya."

Sai idonsa ya faɗa kan babbar rigar da Sabo ya ninke a kan kujera. Ya fita, ya dawo da almakashin mai ƙawata wuri.

"Yaya, daga nesa ba mai ganewa."

"To ka yanka ta baya, can ƙasa."

Musaddiq ya juya rigar. Bayan ya yamutse da zaman mota, ƙasan ya kwashi jar ƙasa. Gaba ne kawai mai tsabta, daidai ciki, ƙarƙashin aikin wuya. Yadin na gudu, sai da Sabo ya kama gefe biyu da hannunsa ya ja ya miƙe, sannan almakashin ya ci. Ya ji ƙarar yankan a haƙoransa.

Musaddiq gwani ne, ba a raina masa. Ya datse gefunan suka daidaita, ya shimfiɗa ƙyallen a tebur, ya ninka biyu, ya sake ninkawa, ya naɗo ƙasan sama yadda duk inda almakashi ya bi ya ɓuya a ciki. Ya zura shi a aljihun, ya bar yatsu biyu a waje, ya daidaita bakin da na aljihun. Ƙyallen ya zame ya nutse. Ya ciro, ya kama shi da fil ta ciki.

"Shi ke nan. Don Allah kada ka zaro shi, ko gumi zai shiga maka ido."

Aka zaunar da shi a babban tebur kusa da Alhaji Maikano, dattijo mai fara'a wanda ya riƙe hannunsa da hannu biyu ya ce sun zama ɗaya. Aka shigo da ango da amarya, aka yi addu'a, aka yi kiɗa. Sabo bai ji ɗanɗanon komai ba. Duk inda ya kai ido rigarsa yake gani an ɗaura wa kujera. A gaba kaɗan, dama da babban tebur, akwai wani tebur mai kujeru takwas da ba kowa a kai, an jera masa lemo da ruwa.

Bayan la'asar mai gabatar da taro ya ce yanzu za a ji daga bakin uban ango, Malam Sabo daga Fagam. Aka tafa. Aka miƙa masa lasifikar, ya ji ta fi yadda ya zata nauyi. Ya yi sallama, ya yi salati, muryarsa ta cika ɗakin har ta ba shi tsoro.

"Ni ba ni kaɗai na raini yaron nan ba," ya ce. Hannunsa ya ɗaga da kansa, kamar yadda ya saba a gona, ya juya zai nuna. "Ga..."

Babu abin nunawa sai kujeru. Ya tsaya da hannu a sama. Jawabin gaba ɗaya sunaye ne, kuma masu sunayen suna rumfar direbobi.

Alhaji Maikano ya ga mutum ya kakare, ya so ya taimake shi. Ya miƙe ya dafa kafaɗarsa, ya matso har muryarsa ta shiga lasifikar.

"Af, Malam Sabo, ka tuna min. Ina Malam Dabo da sauran 'yan'uwa da muka ɗaura aure da su jiya? Tun ɗazu nake dube-dube. Ga teburinsu can na sa an ajiye musu a gaba."

Kalma uku ta isa. Suna nan waje. Da ya faɗe su, da Alhaji da kansa ya fita ya shigo da su, a yi dariyar a gama, wanda zai ɗauki hoto ya ɗauka. Sabo ya san haka. Ya dubi Zulkifli. Yaron na zaune kusa da amaryarsa, ya ƙura masa ido, irin kallon da yake yi masa yana ƙarami in an kore shi daga makaranta, kallon Yaya ka yi wani abu. Sabo bai taɓa iya tsallake wannan kallon ba. Kuma ban da kallon, akwai kwat a jikinsa, akwai mutum ɗari uku da suka tafa masa, ba ya so su san cewa shi ma a rigar kujera ya zo.

"Ba su samu zuwa ba, Alhaji," ya ce. "Ka san kaka ce. Aikin gona ya riƙe su."

Lasifikar waje tana ɗan jinkiri. Bayan ya rufe baki sai ya ji muryarsa ta dawo masa daga harabar, ta ratso bango, a sarari: "...ya riƙe su."

"Allah Sarki," in ji Alhaji Maikano. "A gaishe su da kyau."

Sabo ya yi wa ango da amarya addu'ar zaman lafiya da zuriya ɗayyiba, aka ce amin, aka tafa, ya zauna. Bai kira sunan kowa ba. Ya so ya tashi ya fita a lokacin, amma aka ce hoto. Hoton iyaye, hoton goma sha biyun, hoto da abokan aiki. Gumi ya zubo masa duk da sanyin ɗakin, ya shiga ido, bai taɓa hankicin ba. Wani mai babban tumbi daga Abuja ma har ya nuna ƙirjinsa ya ce na Baba ya fi na kowa zama daidai.

Da ya samu ya zame rana ta yi sanyi. Rumfar na nan, direbobi biyu na cin shinkafa a gefe, lasifika na ta kiɗa. Bencin da ya zaunar da mutanensa babu kowa. Abincinsu na jere a kai cikin robobi shida, ko murfi ba a ɗaga ba. Inda bas ɗinsu ta tsaya wata mota ce daban.

Mai tsaron ƙofar nan ya taho yana sosa ƙeya.

"Baba, tun kana magana suka tashi. Tsohon ya ce in nuna maka wancan."

A ƙarshen bencin an ɗora dutse a kan wani abu don kada iska ta ɗauka. Sabo ya ɗaga dutsen. Tsiri shida ne na siliki, an jera su ɗaya kan ɗaya.

"Bai ce komai ba?"

"Ya ce wai a mayar wa mai shi, su sun tafi aikin gona."

Sabo ya zuba su a aljihun wando. Ya ɗauko waya ya nemo lambar Ɗanbala, ya kalle ta, ya mayar da wayar. Me zai ce? Duk abin da zai faɗa sun riga sun ji shi da lasifika.

A ƙaramin ɗakin nan Zulkifli ya same shi, ya rungume shi yana ƙanshin turare.

"Yaya, ka fitar da ni kunya. Wallahi ban san yadda zan gode maka ba. Su Kawu kuma ka bar ni da su, zan kira su in na huta, zan yi musu bayani."

"Ka kira su," in ji Sabo.

Aka leƙo aka ce ana jiran ango, ya fita da gudu. Musaddiq ya rage a bakin ƙofa yana murza hannu.

"Yaya Sabo, ka yi haƙuri, kwat ɗin ta haya ce. Mai su zai koma Kano da su yanzu, yana haɗa kaya." Ya taimaka masa ya cire ta, ya zare fil ɗin, ya ciro ƙyallen ya miƙa masa. "Hankicin kuwa ka riƙe. Ai naka ne."

Ya saka kwat ɗin a ledarta, ya ɓare takardar mai suna ya dunƙule, ya fita.

Sabo ya mayar da wandonsa da 'yar cikinsa, ya kwashe tsirin silikin daga wandon haya kafin a zo ɗauka. Ya zura babbar rigar. A madubin da aka gyara wa ango wuya ya ga ramin, mai kusurwa huɗu, daidai cikinsa, farar 'yar ciki na leƙowa. Ya warware hankicin ya ɗora a wurin. An riga an datse gefunansa, ta kowane ɓangare ya gaza da yatsa guda.

Ya fito ta ƙofar baya, ta masu jera kujeru, ya kama hanyar tasha a ƙafa ko zai samu motar Gwaram ta ƙarshe. Masallacin unguwarsu a Fagam ƙarami ne, sahu biyu yake ci da asuba, kuma Kawu Dabo ne liman. Ya jawo hannun rigar ya rufe gabansa da shi, ya yi taku goma, hannun rigar ya zame.